Barcin Na'ura Alhali Kwamfuta Tana Aiki

Kwamfuta tarin ƙananan na'urori ce: akwai ta sauti, da ta kama intanet, da kyamara, da kafofin USB. Kowacce tana da 'yar manhajar da ke sarrafa ta, wadda ake kira direba. A da, hanyar tsimin wuta da aka fi sani ita ce kwantar da kwamfutar ɗungum. To, amma mai rubuta wasiƙa ba ya bukatar kyamara, ga ta kuwa tana shan batir a banza. Saboda haka a shekarar 2009, cikin fitowar Linux ta 2.6.32, aka shigar da wani tsari wanda Rafael Wysocki ya rubuta, na kwantar da na'ura guda alhali sauran suna aiki.

Ginshiƙin tsarin ƙidaya ce. Duk sa'ad da direba zai mori na'ura sai ya ƙara ɗaya a lissafinta, in ya gama ya rage ɗaya. Ba ta da iznin barci sai lissafin ya koma sifiri. Abin da sauƙin faɗi, amma a nan ne marubuta direba suke yawan tuntuɓe. Wanda ya manta ragewa ya hana na'urar barci ke nan, batir ya yi ta tsiyaya ba wanda ya san dalili. Wanda kuwa ya taɓa ta bai ƙara ba, laifinsa ya fi muni, domin yana magana ne da mai barci: ko ya karanto shirme ya ɗauka amsa ce, ko kwamfutar ta sandare. Har ila yau akwai dangantaka irin ta uwa da 'ya'ya, watau mahaɗar USB ba ta kwanciya muddin abin da aka jona mata yana farke.

Farkawa ma ba kyauta ba ce. Na'urar PCI da ta shiga matakin barci na D3 tana bukatar aƙalla kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa kafin ta amsa kira, sa'an nan sau da yawa ta manta saitinta, sai direba ya mayar mata da abin da ya adana. Don haka akan ɗan jinkirta kwantarwar, kada a yi ta kwanta-tashi. Ga USB daƙiƙa 2 aka ƙayyade. Duk da haka wasu na'urorin USB in sun kwanta ba su tashi daidai, shi ya sa Linux ba ta kwantar da su da kanta, ban da mahaɗai, sai direba ko mai kwamfutar ya ba da izni.