Cajin Daidaitawa: Hanyar Tsawaita Ran Batura

A shekarar 1859 ne wani masani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago batirin darma da asid, har wa yau kuwa a kan jera irinsa a makarantu da ɗakunan shan magani domin tara wutar hasken rana. Ya kamata malamai da akawunan da aka danƙa wa amanar waɗannan kaya su san abin da ke kashe su, gama dukiyar jama'a ce.

Batir mai bolt 12 ɗakuna 6 gare shi, kowanne yana ba da kamar bolt 2. In ya daɗe yana aiki ba ya cika sosai, abu biyu kan same shi. Na fari, asid ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta ƙasa ya riƙa cin gindin farantan darma. Na biyu, wani farin gishiri kan daskare bisa farantan ya hana su karɓar wuta. Da haka wani ɗaki kan raunana, da ya ke kuwa a jere su ke, sai ya ja sauran baya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Maganin wannan shi ne cajin daidaitawa. Watau bayan batir ya cika, a cire duk abin da ke jan wuta, a ɗaga caji zuwa wajen bolt 15.5 na 'yan sa'o'i. Ruwan zai yi ta ɓulɓula har ya gauraya, gishirin da bai taurara ba ya narke, raunanan ɗakuna su cim ma 'yan'uwansu. Kowace sa'a a auna nauyin ruwan kowane ɗaki da haidiromita. Cikakken ɗaki ya kan nuna wajen 1.270, in awon ya daina hawa sai a tsaya. A riƙa rubuta awon cikin littafi, ran da bambancin ɗakuna ya kai 0.030, lokacin daidaitawa ya yi.

Amma fa a yi hattara. Iskar haidirojin da ke fita tana fashewa, saboda haka a buɗe tagogi, kada a kusato da taba ko fitila. A tabbata ruwa ya rufe farantai kafin a fara, sa'an nan a cike bayan an gama, da tataccen ruwa kaɗai, ban da na rijiya, ban da asid. In batir ya yi zafi ƙwarai a dakata ya huce. Rufaffen batir kuwa, wanda ba a zuba masa ruwa, ba a yi masa wannan caji, don bushewa zai yi ya lalace.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.