Mandola Ta Hannu: Abin Da Wayarka Za Ta Iya Ganowa Kafin Ka Biya Kuɗi

Mandola yayar mandolin ce: tsirkiya takwas jere biyu-biyu, jiki ya fi girma, murya ta fi kauri. A Amurka ana saita ta C-G-D-A, mafi kaurin sautinta kuma yana wajen 131 Hz. A Turai kuwa sau da yawa in an ce mandola ana nufin wata mai dogon wuya da ake saita ta G-D-A-E. Mai saye ta intanet sai ya fara tambayar wacce ce, domin tsirkiyoyinsu ba ɗaya ba ne.

Tarko na farko shi ne bidiyon mai sayarwa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin 131 Hz yadda ya kamata, ga shi WhatsApp yana matse sauti. Mandola mai kyau sai ta yi kama da gwangwani, mai ƙuga kuma ta ɓoye aibinta. A saurara da iyafis mai kyau, a kuma nemi mai ita ya kaɗa kowane jeri shi kaɗai ya bar sautin ya mutu da kansa, ba ya zuba kiɗa mai sauri ba.

Idan tana hannu, manhajar saita sauti ta kyauta ta isa. A kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a kan ƙarfe na 12 na wuya. Manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun. In na biyun ya haura, sai a matsar da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, zuwa baya kaɗan. Jakin ba a manne yake ba, tsirkiyoyi ne ke danne shi, don haka wannan gyara kyauta ne. Masu sayarwa da yawa ba su san haka ba, har sukan karya farashi a kansa.

Matsalar da ke cin kuɗi tana ciki. Tsirkiya takwas suna danna fuskar katakon shekara da shekaru, kuma idan sandar da ke tokare ta daga ciki ta ɓalle, fuskar sai ta fara lotsawa a ƙarƙashin jaki. A kunna tocilar waya ta bakin ramin, ko a zura ƙaramar kyamarar USB mai igiya, a duba ko akwai rata tsakanin sandar da fuskar. Tsofaffin mandolar Gibson da aka ƙera a Kalamazoo kafin wajen 1921 ba su da ƙarfen miƙe wuya a ciki, saboda haka in wuyan ya lanƙwashe babu kusar da za a juya, sai ƙwararre.

Tsagewa ɗaya a katako ba ta kashe mandola, ana like ta. Abin gudu shi ne wadda aka cika da gam mai saurin kamawa ko efoksi, domin cire su wahala ce, sabanin gam na fata da zafi da danshi ke sakewa.

Wanda zai kawo ta Kano ko Damagaram ya tuna da hunturu. Irin wannan katako ya fi son danshin kashi 45 zuwa 55, iskar Janairu kuwa takan faɗi ƙasa da haka nesa. Ƙaramin ma'aunin danshi mai Bluetooth da jiƙaƙƙen soso cikin robar da aka huhhuda, a ajiye su a akwatinta ba tare da ruwa ya taɓa katako ba, sun fi kuɗin gyaran tsagewa araha.