Izinin Uba Kafin Gwajin Magani

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa ƙasar nan, ta halaka mutane fiye da 10,000. Ana cikin wannan hali kamfanin magunguna na Amurka mai suna Pfizer ya aiko likitoci Asibitin Zana na Kano domin gwada sabon magani, Trovan. Yara wajen 200 aka ɗauka: rabi aka ba su Trovan, rabi kuwa wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara, har da tuhumar aikata laifi. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

To, me malamanmu suka ce? A cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya ɗora wa likita lamuni a wuri uku: in ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci, ko ya taɓa majinyaci ba da izini ingantacce ba. Izinin yaro kuwa yana hannun waliyyinsa. Mu a ganinmu, uban da ke rungume da ɗansa cikin firgita, aka ce masa ya yarda, ba a fahimtar da shi da harshensa cewa maganin sabo ne, kuma yana da ikon ƙi, ba a samu izininsa ba.

Ba muna hana bincike ba ne. Neman ilmin magani farilla ce ta kifaya, kuma ba a sanin amfanin magani sai an gwada. Amma amana in ta karye, gyaranta da wuya. Zancen Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa tunawa sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake yaɗuwa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikacin gwamnati, kada ya sa hannu a takardar da bai tantance ba. Kai kuma uba, ka kai ɗanka asibiti, ka yi tambaya, kada ka ji nauyi. Allah ya sa mu dace, amin.