Cajin motar lantarki

Cajin motar lantarki shi ne cika batirin mota da wuta, a gida ko a tashar caji ta kan hanya. Wutar gida nau'in AC ce, batiri kuwa DC yake karɓa, don haka wata na'ura a cikin motar ke sauya ta. Cajar gida mai kilowat 7 takan ɗauki kusan awa 9 kafin ta cika batiri mai kilowat-awa 60. Tashoshin caji masu sauri suna tura DC kai tsaye, da ƙarfin kilowat 50 zuwa 350, batirin ya kai kashi 80 cikin 100 a kusan rabin awa. Daga nan saurin yakan ragu domin kare batirin daga lalacewa, shi ya sa matafiya ba su cika jiran ya cika ba.