Motar Da Kwastan Ya Sallama, Hayaƙi Ya Tsare

A ƙasar Amurka akwai motocin da ke kwance a gareji an lulluɓe su da tamfol, lafiyarsu ƙalau, takardunsu na kwastan a cike, amma ba su da izinin taka kwalta. Jihar da ta yi fice a kan wannan ita ce Kalifoniya, inda shigo da tsohuwar mota daga waje ya fi samun lambarta sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai karatu, a ce wani mazaunin jihar ya yi sha'awar Land Cruiser mai amfani da fetur, ƙirar 1995, ya sayo ta daga Japan. A wajen gwamnatin tarayya ba shi da matsala. Wata doka ta 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar kare haɗari ta Amurka ba, sai dai idan ta cika shekara 25. Hukumar kare muhalli ta tarayya ita ma tana ɗaga ƙafa ga motar da ta kai shekara 21, muddin injinta na asali ne. Don haka sai ya biya kuɗin fito, a miƙa masa makulli a tashar jirgin ruwa, ya tafi yana murna.

Murnar takan koma ciki ne a ofishin rajistar motoci na jiha. A nan ma'aikaci zai ɗaga bonet yana neman wata 'yar takarda da kamfani ke mannawa, wadda ke shaida cewa motar ta cika sharuɗɗan hayaƙi na Amurka. Motar da aka ƙera don kasuwar Japan ba ta da ita. Sai a sanar da shi cewa duk irin wannan mota, daga ƙirar 1975 zuwa sama, ba za ta sami lamba ba sai da takardar shaida daga ɗakin gwajin da hukumar kula da tsabtar iska ta jihar ta amince da shi. Gwajin kuwa ba na leƙa salansa ba ne. Ana ɗora motar a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a tuƙa ta tana tsaye kamar tana cikin gari, a tara hayaƙin a auna abin da ke cikinsa. Ana kuma kulle ta a wani ɗaki don a ga yawan tururin man da ke fita daga jikinta ko da inji a kashe yake. Idan ta faɗi, sai a sauya mata kaya, a sake gwaji, a sake biya. Ɗakunan gwajin 'yan kaɗan ne, kuɗin kuma dubban daloli ne, har yakan zarce abin da aka sayi motar. Bayan an tsallake wannan, motar za ta shiga sahun sauran, a riƙa auna hayaƙinta duk shekara biyu kafin a sabunta mata takardu.

Mutum zai iya cewa wannan ai tsanani ne ya yi yawa. To amma tsananin yana da asali. Birnin Los Anjeles duwatsu ne suka kewaye shi, iska ba ta samun hanyar kwashe abin da aka zuba mata. A watan Yulin 1943 wani hazo ya rufe birnin, idanu na zafi, maƙogwaro na ƙaiƙayi, har wasu suka zaci Japanawa ne suka kawo harin iskar guba, domin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne hasken rana ke dafawa ya zama wannan hazo. A 1967 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da iska, shi wannan masani ya zama shugabanta na farko. A 1984 aka fara gwajin shekara bibbiyu. Motoci sun ninka tun daga lokacin, amma iskar birnin ta fi ta da tsabta ƙwarai, duk da cewa har yanzu yana cikin biranen Amurka masu fama da wannan matsala.

Masu ƙorafi suna da tasu hujjar, kuma ni ban ga dalilin watsi da ita ba. Sun ce yawancin waɗannan motoci na marmari ne, ba a fito da su sai ranar hutu. Sun kuma ce iyakar da aka shata ba ta da ma'ana: mota mai fetur ƙirar 1975 an yafe mata gwajin shekara bibbiyu, 'yar'uwarta ta 1976 kuwa dole ta yi. Da can duk motar da ta cika shekara 30 takan fita daga gwajin, amma aka soke wannan sassauci daga 2005. A 2025 fitaccen ɗan barkwancin talabijin Jay Leno, wanda ya shahara da tara tsoffin motoci, ya goyi bayan wani ƙudurin sassautawa, amma ƙudurin bai tsallake majalisar jihar a shekarar ba. Masu hannu da shuni kuwa sun gano wata kafa: su buɗe kamfanin takarda a jihar Montana, inda ba a gwajin hayaƙi, su yi wa motar lamba a can. Hukumomin Kalifoniya na farautar masu yin haka. Talaka da tsohuwar motarsa ta faɗi gwaji ba shi da wannan gata, sai dai jihar na da shirin taimaka masa da kuɗin gyara, ko ta biya shi ya miƙa motar a farfasa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, idan ƙasashen da ke da irin wannan doka suka gaji da mota, ba ɓacewa take yi ba. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi ya gano yawancin waɗanda ke barin tasoshinsu zuwa Afirka ta Yamma sun kai shekara 16 zuwa 20. Su ne muke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, muna sha'awarsu domin su ne daidai aljihunmu, har da mu ma'aikata masu albashi.

Ba wai ba mu da doka ba. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita sai ta kai matakin Turai na huɗu wajen tsabtar hayaƙi. An kuma hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Amma mai karatu ya tuna ranar da ya yi wa motarsa lamba. An tambaye shi takardar kwastan, an duba lambar inji, an karɓi kuɗin inshora. Shin akwai wanda ya zagaya bayan motar? Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kano da magariba lokacin hunturu, hayaƙi ya haɗu da ƙura, ya san amsar a ƙirjinsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A cikin salansar mota akwai wata matata da aka fara sa wa motocin Amurka gadan-gadan a 1975, wadda ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Bakanikenmu sun raɗa mata suna indomi, saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Ita ce abin da mai Land Cruiser ɗin can zai kashe dukiya a kanta don ya sami lamba. A nan kuwa, da zarar mota ta fara nauyi sai a ce wa mai ita indomi ce ta toshe, a fasa a zazzage. Wata motar ma ba ta isa hannun mai saye sai an riga an cire mata, domin akwai ƙarafa masu tsada a ciki, kuma masu sayen ta suna nan suna jira a bakin gareji.