Walƙiyar Rediyo: Baƙuwar Da Ta Nuna Inda Kayan Halitta Suka Ɓuya

Yawancinmu mun saba da murɗa akwatin rediyo da dare muna neman tasha. To, yau muna tafe da labarin wata igiyar rediyo wadda babu tashar da ta aiko ta. Daga can ƙuryar sararin samaniya take zuwa, kuma kafin mutum ya ƙifta ido ta wuce. A wannan fili za mu kira ta walƙiyar rediyo.

Labarin ya soma a shekarar 2007, a Jami'ar West Virginia ta Amurka. Wani malami, Duncan Lorimer, ya sa ɗalibinsa David Narkevic ya duba tsofaffin bayanan da faifan Parkes ya ɗauka. Wannan faifai yana ƙasar Ostareliya, faɗinsa mita 64, aikinsa kuwa shi ne sauraron igiyoyin da ke fitowa daga taurari. Ɗalibin ya ci karo da wata alama mai ƙarfi da ta shigo ran 24 ga Yuli, 2001, wadda ba ta kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya ba. Shekara shida tana ajiye, ba wanda ya kula.

Masana da yawa ba su yarda nan da nan ba, kuma suna da hujja, gama faifan yakan kama wasu alamu masu kama da ita, galibi da tsakar rana. A 2015 wata ɗaliba, Emily Petroff, da abokan aikinta suka gano dalili: na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikatan wurin. Idan mai jin yunwa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya, sai igiya ta kuɓuce ta faɗa faifan. Ba su ɓoye wannan abin kunya ba, suka buga shi kowa ya karanta. Da aka ware na bogi, sai aka tabbata cewa sauran daga sama suke.

To, mene ne ke haifar da ita? A 2016 aka ba da sanarwa cewa wata walƙiya da faifan Arecibo na Puerto Rico ya kama a 2012 ta sake fitowa daga wuri guda. Ashe abin da ke aiko ta ba ya hallaka bayan ya yi sau ɗaya. A 2017 aka bi sawunta zuwa wani ƙaramin garken taurari mai nisan da haske zai yi wajen shekara biliyan 3 kafin ya ratsa, alhali haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kafin a ji abu daga irin wannan nisa, sai ya yi ƙarfi ƙwarai: walƙiya ɗaya takan fitar da abin da rana ke fitarwa cikin kwanaki.

Ran 28 ga Afrilu, 2020, na'urar CHIME ta Kanada da wata a Amurka suka kama irinta a cikin garken taurarin da muke ciki. Ta fito daga gawar wani tauraro da ake kira magneta, wanda faɗinsa wajen kilomita 20 ne, amma ya fi rana nauyi, ga maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Walƙiyarsa ba ta kai na nesa ƙarfi ba, saboda haka masana suna muhawara a kan ko dukansu daga magneta suke.

Amma ina amfaninta? Mun san idan baƙo ya iso da hunturu, ƙurar da ke ƙafarsa takan nuna irin hanyar da ya biyo. Haka walƙiyar nan take. Igiyoyinta suna tashi tare, amma a hanya suna ratsa siririn haki na ƙwayoyin lantarki da ke tsakanin garkunan taurari. Hakin yakan jinkirta igiyoyi masu dogon zango, masu gajeren zango su riga su isowa. Idan an auna wannan jinkiri, an san yawan abin da ta ratsa.

A nan ne ta warware wata tsohuwar matsala. Lissafi ya nuna cewa kayan da aka yi taurari da duniya da jikinmu da su kusan kashi 5 ne cikin 100 na dukan halitta. Amma da aka ƙidaya abin da ake iya gani, sai wajen rabin wannan kaso ya ɓace. A 2020 Jean-Pierre Macquart da abokan aikinsa, da taimakon faifan ASKAP na yammacin Ostareliya, suka gwada jinkirin 'yan walƙiyoyi da nisan garkunan da suka fito, lissafi kuwa ya cika. Kayan ba su ɓata ba, suna baje ne a filin da ake zaton wofi ne. Macquart ya rasu a wannan shekara, makonni kaɗan bayan an buga aikinsa. A 2025 wani bincike a kan walƙiyoyi 69 ya nuna cewa wajen kashi uku cikin huɗu na kayan nan a wannan fili suke.

'Yan'uwa, abin lura shi ne da masanan nan sun rufe batun na'urar ɗumama abinci don gudun dariya, da wuya a amince da awon da suka yi daga baya. Kuma ɗalibai ne suka yi farkon aikin, ta wurin duba tsofaffin bayanai da haƙuri. Iyaye da malamai, idan yaro ya tambaye ku abin da ke tsakanin taurari, kada ku ce masa babu kome.