Tafiya Hutu Ƙasar Masar: Abin Da Uwargida Za Ta Shirya Tun Daga Gida

A da, in an ce mace za ta hau jirgin sama, to an san Makka za ta. Yanzu kuwa akwai mata, ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda kan yi adashi shekara guda ko biyu don su da maigida su je wata ƙasa su huta, su buɗe ido. Ni Masar na je, saboda haka a kanta zan yi magana. Amma yawancin abin da zan faɗa zai yi miki amfani ko ina za ki.

Mu fara da takardu, domin su ne kan mayar da mutum gida daga bakin jirgi. Fasfo ɗin Nijeriya iri biyu ne, akwai mai shekara 5, akwai mai shekara 10. Ɗauko naki yau ki duba ranar da zai ƙare, don ana so ya zama da sauran aƙalla wata 6 a kansa daga ranar da za ki shiga ƙasar. Kowane yaro da nasa fasfo, ko da jinjiri ne. Biza kuwa a nan gida ake nemanta kafin a tashi, kuma takan ɗauki lokaci, don haka kada ku sayi tikitin da ba a iya canza ranarsa alhali biza ba ta fito ba. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Tilas ne a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Je a yi miki allurar da kanki. Kada ki yarda da mai cewa zai kawo miki kati har gida ba tare da tsinin allura ya taɓa ki ba.

Wani abu da ba na so shi ne mace ta tattara takardunta ta miƙa wa maigida, ba ta ko san sunan otel ɗin da za su sauka ba. Babu laifi ya riƙe, amma ki sa a yi miki kofen fasfo da biza da tikiti, ki rubuta sunan masaukinku da lambar wayarsa a takarda, in da hali da Larabci, ki sa a jakar hannunki. Birnin Alƙahira da kewayensa mutane sun haura miliyan 20. In cunkoso ya raba ku a kasuwa, wannan 'yar takarda ce za ki nuna wa mai tasi.

To, yaushe za a tafi? Mu malamai dogon hutunmu a watan Agusta yake, kuma shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani a can, ga shi babu damina irin tamu da za ta sanyaya gari. Hutun Disamba ya fi. Sai dai fa da dare akwai sanyi sosai, irin na tsakiyar hunturu, saboda haka a riƙe rigar sanyi da safa, musamman don yara. Daga Maris zuwa Mayu kuma akan yi wata iska mai zafi da ƙura da suke kira hamsin. Jirgi daga Kano zuwa Alƙahira bai kai awa 5 ba. Agogonsu yana gaba da namu da awa 1, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba yakan zama awa 2.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, watau kaya da saƙo. Kin san halinmu, da an ji za ki tafi sai saƙo ya yi ta zuwa: wannan tana da ɗa mai karatu a Azhar, waccan ƙanenta yana jinya a can. Daren da za mu tashi wata maƙwabciyata ta aiko da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, wai yaji ne da kuka. Na ce a buɗe a gabana. Ranta ya ɓaci, har ta ce ashe ban yarda da ita ba. Na ce, "Yaya, ba ke ce ban yarda da ke ba, doka ce ba ta san zumunci ba." Aka buɗe, yaji ne da kuka kamar yadda ta faɗa, na juye su a leda mai nuna abin da ke ciki na tafi da su. Har yau muna gaisawa.

Dalilina shi ne, duk abin da aka samu a jakar da ke da sunanki, naki ne. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba 'yar ƙasar nan a Madina saboda wata jaka mai ƙwayoyin tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. A Masar ɗin ma, a 2017, kotu ta yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda ta shigo da wannan ƙwaya kusan guda 300, ta ce mijinta mai ciwon baya ta kawo wa. Saboda haka ke za ki haɗa kayanki da hannunki. A filin jirgi ki tsaya ki ga an auna su, ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a ba ki, su yi daidai da yawan jakunkunanki. In biyu gare ki, biyu za a ba ki. In kina shan maganin hawan jini ko na sukari, bar shi a kwalinsa na asali, ki riƙe takardar likita. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 a babban akwati za su tafi, in ba haka ba a karɓe miki humrarki kina kallo.

Kuɗinsu fam ɗin Masar ne. Naira ba ta da amfani a can, don haka akan tafi da dalar Amurka a canza a banki ko wurin canji mai lasisi. Kada ki canza a hannun mutumin titi. Raba kuɗin gida biyu, wani a jikinki, wani wajen maigida, kuma ki tanadi ƙananan canji, don mai ɗaukar kaya da mai gadin takalmi duk suna sa ran ɗan ihsani, wanda suke kira bakshish. Ki sayi ɗan abin haɗa caja tun daga gida, gama soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai uku ba. Ruwan gora za ki sha. Abinci ba shi da wuya: akwai koshari, watau shinkafa da taliya da adas a haɗe, mai araha da ƙosarwa.

Wuraren gani sun fi ƙarfin mako guda, kada ki ce sai kin ga duka. Dalar Giza, wadda dalar gyaɗar Kano ta dā ta yi kama da ita a siffa, tana bakin birnin. Babbarsu ta kai shekara 4,500, kuma tsawonta na asali mita 146 ne. Je da sassafe, da takalmi shimfiɗaɗɗe. In za ki hau raƙumi ko keken doki, a gama ciniki kafin ki ɗora ƙafa, a kuma faɗi ko kuɗin har da dawowa. Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne masallatai: na Amru ɗan Asi, wanda aka kafa wajen shekara ta 641, shi ne na farko a ƙasar, sai na Azhar da aka fara ginawa a 970, da hubbaren Imamu Shafi'i. Daga Azhar in kin tsallaka titi kin shiga kasuwar Khan Halili. Nan kuwa sai ki tuno da Kurmi, in ya ce ɗari ki taya arba'in, kada ki ji kunya. Jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin birnin yana da taragai na mata zalla a tsakiyarsa, da alama a kan dandamali, kuma ya fi tasi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Juma'a da Asabar ne ranakun hutunsu, bankuna a rufe suke.

Batun tsaraba, rubuta sunayen waɗanda za ki saya wa tun kina gida, ki ware kuɗinsu daban. Kafin ranar dawowa ki duba nauyin da tikitinki ya yarje miki, ki nemi ma'auni a otel ki auna akwatunan, don kuɗin kilo ɗaya da ya ƙaru yakan fi kuɗin abayar da ta jawo shi.